Babi na Huɗu: Me Ya Sa Ya Bari?

Cikin watan Agusta ne, marka ta kwana biyu ba ta ɗauke ba, na je gaisuwar mutuwa a wani ƙauye da ake ratsewa idan an baro Kwanar Dangora an nufi Tudun Wada. Yarinya ce 'yar shekara uku. Zazzaɓi ya kama ta ranar Laraba, daren Juma'a ta fara jijjiga, uban ya goya uwar da ita a babur za su asibiti. Suka tarar rafi ya kawo, ba mai iya ƙetarewa. Suka tsaya a bakin ruwa suna jiran ya janye, kafin ya janye ta cika a hannun uwarta.

Gidan na Kirista ne, jikokin Maguzawa, amma a kan tabarmin da aka shimfiɗa a gindin ɗorawa ba ka iya ware Musulmi da Kirista. Gaisuwar ɗaya ce. "Ya haƙuri?" "Da godiya." Wani dattijo Musulmi, maƙwabcin gona, ya dafa gwiwar uban ya ce, "Malam, kwananta ne ya ƙare. Ko a gaban likita take, tafiya za ta yi. Allah ya sa mai ceto ce." Gwaggon uban kuwa, tsohuwar da har yau ba ta shiga majami'a ba ta kuma shiga masallaci, ta jawo shi gefe ta ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. A bincika." Can cikin gida uwar tana zaune a ƙofar ɗaki, mata sun kewaye ta. Da fasto ya shiga, wani matashi da bai daɗe da fitowa makarantar Littafi ba, ta ɗago kai ta ce masa, "Fasto, dare uku muna addu'a. Ya ji, ko bai ji ba? In ya ji, me ya sa ya bari?" Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya duba, ya rufe. Ya nemi kujera 'yar tsugunno ya zauna.

A ranar na ɗauka ya kasa ne. Yanzu ina ganin a duk waɗanda suka buɗe baki a gidan nan, shi da ya rufe nasa ya fi kusa da abin da addininsa ya koyar.

A ƙasar nan ta kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Doguwa inda duwatsun Riruwai suke, amsoshi uku ne suke kwance kan juna kamar shimfiɗa. Ta ƙasa ita ce ta kakanni: ciwo yana da mai shi, ko iska aka saɓa wa, ko maye ya kama kurwa, ko wani ya yi jifa, saboda haka tambayar ita ce wa ya yi. Ta biyu ita ce ta Musulunci, wadda ta ratsa harshen kowa har wanda ba ya salla: ƙaddara ce, jarrabawa ce, bawa ba ya tuhumar Ubangijinsa. Kiristan ƙauye ya gaji duka biyun, yana magana da kalmominsu, sa'an nan ga nasa Littafin da ya ce masa Allah Uba ne, kuma ƙauna ne. Wannan kalma ta uba ita ta tsananta masa al'amarin. Sarki yana iya yin abin da ya ga dama, ba mai tambayarsa. Uba kuwa, idan yana da iko ya tsaya yana kallo ɗiyarsa ta mutu a bakin rafi, dole a tambaye shi. Masanan Turai sun daɗe suna juya wannan tambaya. Leibniz ya rubuta littafi guda a 1710 don ya wanke Allah daga zargi, ba a yi shekara hamsin ba girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon ranar 1 ga Nuwamba 1755, ranar idi, mutane suna cikin majami'u, aka koma farko. Uwar yarinyar nan ba ta taɓa jin sunan Leibniz ba, amma ta faɗi tambayar a taƙaice fiye da shi.

Wanda zai fahimci yadda Kirista yake ɗaukar wannan magana sai ya fara da Ayuba. Kowane Bahaushe ya san haƙurin Ayuba, har karin magana ake yi da shi. Amma wanda ya zauna ya karanta littafin Ayuba mai sura 42, wanda yake cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun fitowarsa cikakke a 1932, zai sha mamaki. Haƙurin da aka san shi da shi a surori biyu na farko yake. Dukiya ta tafi, 'ya'ya goma sun mutu rana ɗaya, jiki ya zama gyambo, bai saɓa ba. Daga sura ta uku sai mutumin ya ɓalle. Ya la'anci ranar da aka haife shi. Ya ce Allah ya mai da shi abin bara. Ya nemi a ba shi ranar shari'a ya tsaya gaban Allah ya ji laifinsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, da farko sun yi abin kirki, sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki sai suka ɓata rawarsu da tsalle. Hujjarsu ita ce wadda muke faɗa kullum: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Allah adali ne, ba ya azabtar da marar laifi, tunda kuwa kana shan azaba, to akwai abin da ka ɓoye. Sura bayan sura suna matsa masa ya tuba, shi kuma yana cewa bai san abin da zai tuba a kai ba.

Da Allah ya yi magana daga cikin guguwa, bai gaya wa Ayuba dalili ba. Ko kalma ɗaya bai ce game da muhawarar da aka yi a kansa a sama a farkon labarin ba. Tambayoyi ya jero masa, a kan kafa duniya, da taskar ƙanƙara, da lokacin haihuwar awakin dutse, da wautar jimina da gudunta. Wato akwai abin da ya fi ƙarfin ganinka. Har nan Musulmi da Kirista ba su da saɓani. Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Allah ya juya kan abokan nan uku, masu kare masa suna, ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya faɗa. Mai ƙorafi aka wanke, masu wa'azi aka ce su kai hadaya, kuma shi Ayuban ne zai yi musu addu'a. Na daɗe ina juya wannan a raina. Littafin da ake kira Maganar Allah ya ɗauki ɓangaren wanda ya ɗaga murya yana tambaya, ya ƙi na waɗanda suka zo da amsa a aljihu. Zabura ma cike take da irin wannan kuka, ta 88 har ta ƙare ba haske ko ƙyas a cikinta, kuma ba wanda ya cire ta daga littafin waƙoƙin sujada.

Yesu ya sake rushe lissafin abokan Ayuba sau biyu. A Yohanna sura 9 almajiransa sun ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. A Luka sura 13 ya kawo zancen mutum goma sha takwas da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Duk da haka, je ka wasu tarurrukan addu'a na dare yau, a Sabon Gari ko a garuruwan bakin titi, ka ji abin da ake faɗa da lasifika. Wanda bai warke ba, bangaskiyarsa ce ta gaza. Wadda ba ta haihu ba, akwai la'anar kakanni a gidansu, ko wata kishiya ta ɗaure mahaifa. Kawo baiko na musamman a karya. Wannan tambayar Gwaggo ce aka sa wa kwat da taye. Gara ma Gwaggo, ita kaza ɗaya za ta ce a kawo.

To in ba hukunci ba ne, mene ne? Amsar da ta fi daɗewa a ikilisiya ta fito daga Afirka. Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya zama bishop na Hippo, ya ce Allah bai halicci mugunta ba, domin mugunta ba halitta ba ce mai tsayuwa da ƙafarta. Lalacewar abu mai kyau ce. Maƙeri ya ƙera garma, bai ƙera tsatsa ba, kuma tsatsa ba ta rayuwa sai a jikin ƙarfe. Allah ya yi mutum da ikon zaɓi, domin ƙaunar da aka tilasta ba ƙauna ba ce, mutum kuwa ya yi amfani da ikon ya juya baya. Hannun da zai iya miƙa maka ƙwaryar fura shi ne zai iya ɗaukar gora. Agustin ba daga inuwa yake magana ba. Ɗansa ya mutu yana saurayi, shi kansa ya rasu a 430 mayaƙan Bandal sun kewaye garinsa.

Mutanen Tudun Wada ba sa bukatar a fassara musu wannan. A ƙarshen Satumba 2007 rigima ta tashi daga makarantar sakandaren gwamnati ta garin, kan zargin cewa an yi ɓatanci ga Annabi, ta fantsama cikin gari. Aka ƙona majami'u da shaguna da gidaje, rahotannin lokacin suka ce an kashe Kirista aƙalla tara, da yawa suka bar garin. Haka kuma shekarun da dajin Falgore ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, har direbobin hanyar Jos suke ƙin ratsa shi da dare, waɗannan ba su tambayi addinin kowa ba kafin su ɗaure shi. A irin wannan wuri amsar Agustin tana da ƙarfi, domin ta hana mu ɗora wa Allah abin da muka ga ɗan Adam ya yi da hannunsa. Wani ne ya sayi fetur, wani ya ƙyasta ashana, wani kuma ya ga ana yi ya kau da kai. Cewa "haka Allah ya so" a nan wanke mai laifi ne. Amma ko a nan tambayar ba ta mutu ba, ja da baya kawai ta yi. Wanda aka kashe wa ɗa zai ce, na yarda mutum ne ya yi, amma 'yancin mai gora ya fi ran ɗana daraja ne? Ban taɓa jin amsar da ta gamsar da ni a kan wannan ba, kuma ina shakkar duk wanda ya ce tasa ta gamsar da shi sarai.

Sauron da ya kawo wa yarinyar nan zazzaɓi kuma fa? Sauro bai zaɓi komai ba. Ga wani labari daga maƙwabta, ƙasar Zazzau, wanda ya kamata kowane Kirista Bahaushe ya sani. Wajen 1867, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, aka kashe wani Malam Ibrahim a kasuwar Kano saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu, wasu har ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka ce abin da iyayensu suka yi ta jira ke nan. Aka tara su aka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, da makaranta da gonaki da majami'a. Mutanen da suka yi kusan shekara hamsin a warwatse sun sami gida. Ba a yi shekaru da yawa ba ƙudan tsando ya kawo musu ciwon barci, ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, har aka watse aka bar wurin. Ba wanda ya tsananta musu. Ƙuda ne. Tun kafin su ma, daga cikin samari uku da suka sauka Legas a Disamba 1893 suka fara aikin da ya zama mishan ɗin SIM, uwar ikilisiyar ECWA, biyu sun mutu a 1894, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ta hannunsu ba.

Koyarwar Kirista a nan ita ce duniyar kanta ba yadda ya kamata take ba. Manzo Bulus, a Romawa sura 8, ya kwatanta halitta duka da mace mai naƙuda. Wasu malamai kuma sun bi wata hanya da ake dangantawa da Iraniyus, bishop na Liyon a Faransa a ƙarni na biyu: an yi mutum ɗanye ne, kamar yaro, kuma a duniya mai ƙaya ne kaɗai zai nuna. Inda ba haɗari ba jaruntaka, inda ba mai bukata ba kyauta. Rake sai an matse shi an dafa ruwan kafin a ga mazarƙwaila. Akwai gaskiya a ciki, kowa ya san dattijon da wahala ta mai da shi mai taushin zuciya. Akwai ma wata hujja daga asibiti. Dakta Paul Brand, wanda ya yi shekaru yana aikin kuturta a Vellore ta Indiya, ya nuna cewa yawancin dungulmin da muke gani ba cutar ce take cinye yatsu kai tsaye ba. Jijiyoyin jin zafi take kashewa, sai mutum ya taka ƙaya bai sani ba, ya riƙe tukunya mai zafi bai ji ba, rauni ya ruɓe. Kuturu rashin jin ciwo ne ya cuce shi. Waɗanda suka yi jinya a Yadakunya, asibitin kutare na kusa da Kano da mishan ta karɓi riƙonsa a shekarun 1930, sun san haka a jikinsu. Jiki magayi, in ya daina gaya maka, ka shiga uku.

Amma ina iyakar wannan hujja? Muna cewa wuya ba ta kisa, alhali tana kisa, mun binne waɗanda ta kashe. Yarinya 'yar shekara uku wane darasi ta koya a bakin rafi? In kuma an ce don iyayenta su koya ne, wane uba ne zai yanka ɗiya don ya koya wa ɗa karatu? Mutanen Bebeji suna da misali a ƙofar gida. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta shayar da dubban kadada a Kadawa da Kura, shinkafa da tumatir da alkama, alherinta ba mai musu. Amma akwai ƙauyukan da aka tasa, gonakinsu da kaburburan iyayensu suna ƙarƙashin ruwa. Ka iya tsayawa a Kura ka ce aikin ya biya kuɗinsa. Ba ka isa ka je gaban tsohon da aka tasa ka ce masa ya yi murna ba. Lissafin yana iya zama daidai, bakin da ya faɗe shi ya zama ba shi ne ya dace ba.

Wannan ne abin da nake ganin mutane suke tsallakewa a labarin Yusufu. A ƙarshen littafin Farawa ya gaya wa 'yan'uwansa cewa sun nufe shi da sharri, Allah ya juya abin ya zama ceton rayuka. Masu wa'azi suna son wannan wuri, suna kuwa da gaskiya, domin nan ne zuciyar begen Kirista take: Allah ba ya ƙirƙirar mugunta, amma ba ta fi ƙarfin ya juya ta ba. Sai dai a duba wa ya faɗa, kuma yaushe. Yusufu ne da kansa, wanda aka jefa rijiya, bayan shekaru fiye da ashirin, bayan ya yi kuka har mutanen gidan Fir'auna sun ji. Da ɗan'uwansa Yahuza ne ya leƙa bakin rijiyar ranar da abin ya faru ya ce masa ya yi haƙuri, akwai hikima a ciki, da maganar ta zama izgili. Haka zancen Gimi. Daga zuriyar Isawan da suka tsira aka sami Farfesa Ishaya Audu, likita, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Jikokinsu suna da ikon su duba baya su ce Allah bai yashe su ba. Ni ba ni da ikon in ce don a sami farfesa ne aka cika maƙabartar Gimi. Kuma kada a manta, ciwon barcin nan daga baya an yaƙe shi a ƙasar Anchau, aka sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan yake, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Wani abin da muke kai ƙararsa sama, gatari da adda ne maganinsa, ko kwalbati a kan rafi.

Marubucin Birtaniya C. S. Lewis ya ɗanɗana bambancin nan. A 1940 ya fitar da littafi mai tsari a kan matsalar azaba, hujja bayan hujja, har yau ana karanta shi a makarantun tauhidi. A 1960 ciwon daji ya kashe matarsa. Abin da ya rubuta bayan nan, ya fitar a 1961 da sunan aro, ɗan ƙaramin littafi ne na mutumin da yake ƙwanƙwasa ƙofa yana jin ana sa mata sakata daga ciki. Bai ƙaryata na farkon ba, bai kuma bar bangaskiya ba. Ya dai gane cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda hanyar Kirista ta rabu da ta maƙwabcinsa Musulmi shi ne gicciye, kuma gara a faɗe shi a fili, cikin girmamawa. Musulmi ya gaskata ba a gicciye Annabi Isa ba, Allah ya ɗauke shi, domin Allah ba ya barin manzonsa a wulakance haka, kuma Allah ya fi ƙarfin wahala ta taɓa shi. Kirista ya gaskata akasin haka, a kan wannan ma ya kafa komai nasa: cewa cikin Yesu Almasihu, Allah da kansa ya shigo cikin abin. An haife shi a gidan talaka a ƙasar da take ƙarƙashin mulkin mallaka, iyayensa sun yi gudun hijira da shi, ya ji yunwa. A kabarin abokinsa Li'azaru ya yi kuka, alhali ya san zai tashe shi nan da ɗan lokaci. A Getsamani ya roƙa har sau uku a ɗauke masa abin da ke zuwa, ba a ɗauke ba. A kan gicciye kuma, da kalmomin Zabura ta 22, ya tambayi Allah dalilin da ya sa ya yashe shi. Tambayar matar nan ta ƙauye ke nan, kusan kalma da kalma, a bakin wanda take yi wa sujada. Wannan bai bayyana dalilin mutuwar ɗiyarta ba. Abin da ya kawar shi ne zato ɗaya, wanda ya fi kowanne ciwo, cewa Allah yana can nesa bai damu ba, ko bai san yadda abin yake ba.

Sa'an nan akwai tashin matattu, wanda in babu shi, in ji Bulus, duk sauran aikin banza ne. Kirista ba ya cewa mutuwa alheri ce da ta ɓad da kama. Littafinsa maƙiyiya ya kira ta, ta ƙarshe da za a hallaka. Shi ya sa a jana'izar Kirista za ka ji ana cewa wane ya yi barci, ana kuka ana waƙa a lokaci ɗaya, baƙo ya rasa gane ko makoki ake ko biki. Wani abu kuma da nake yawan tunawa: a labarin almajirinsa Toma, Yesun da ya tashi yana ɗauke da tabon ƙusoshi. Ba a goge su ba, da su ma aka gane shi.

Saboda haka idan aka matsa wa malamin Kirista mai gaskiya ya faɗi dalilin da ya sa wannan yarinya ta mutu a wannan dare, zai ce bai sani ba. Zai iya gaya maka abin da ba shi ne dalili ba, zai iya gaya maka inda yake sa ran abin zai ƙare, tsakiyar kuwa duhu ne a gare shi kamar kowa. Wasu suna ganin wannan rauni ne. Wani abokina Musulmi, malamin makaranta a Kiru, ya taɓa ce mini, "Ku dai kuna wahalar da kanku. Ku ce Allah ya ƙaddara, ku huta." Na ce masa yana da gaskiya, akwai hutu a tasu amsar, na kuma ga yadda take riƙe mutum a tsaye ranar da ƙasa ta tsage masa. Mu an ba mu izinin yin gardama da Uba, kuma mai gardama ba ya barci da wuri. Ya yi dariya ya ce a ƙara mana shayi.

Abin da ya faru a gidan nan bayan fasto ya zauna ba wani abin mamaki ba ne. Ya yi kusan awa bai ce komai ba. Da la'asar matan Zumuntar Mata suka zo da itace da tsaba da tukwanen kiɗansu, suka karɓe girki, biyu daga cikinsu suka kwana ɗakin uwar har mako ya zagayo. Matan maƙwabta Musulmi suka aiko da kunu da safe. Ba a je wurin boka ba, Gwaggo ta yi fushi na kwana biyu ta sauko. Uban ya bi sahun masu zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman a yi musu kwalbati, shi da dattijon nan mai cewa kwana ne ya ƙare, a babur ɗaya.

Na koma ƙauyen da kaka, ranar baikon godiya, an jibge dammunan dawa da buhunan masara a gaban majami'a, rafin ya zama yashi har yara suna wasa a ciki. Na hango uwar yarinyar a layin mata da ɗaurin zanen zumunta, tana buga tulu, amma bakinta ba ya motsi. Bayan an tashi na gaishe ta, na ce, "Maman yara, ya ƙarin haƙuri?" Ta ce, "Da godiya, Malam. Har yanzu ina tambayarsa. Bai ce mini komai ba tukuna, ni ma ban fasa zuwa ba." Na lura da tsohon ciki a jikinta. Da zan hau mota ta aiko yaro da kuɗi a ƙulle a leda, wai idan zan sake zuwa in taho mata da gidan sauro guda biyu daga Kano, na kasuwarsu ba su da ƙwari.